Yadda Hedley Ya Tashi Gangar Beryl Daga Barci

Ku gyara zama ku ji, don ni a gabana aka yi komai, kuma har yau in na tuna da Hedley Pogson sai abinci ya fita raina.

Skelby, ƙauyenmu, biyu ce, ta Tudu da ta Kwari, rafi ne kawai ya raba mu. Mu 'yan Tudu mashayarmu ɗaya, Gurgun Doki, ta 'yar kawuna Beryl. Ita take dafa giyarta da hannunta a wani ɗaki bayan gida, mai ɗaci, launinta kamar tagullar da aka goge. In ka kurɓa, zaƙin sha'ir ne zai fara gaishe ka, sai ka haɗiye sannan ɗacin ya taso daga maƙogwaro ya zauna daram. 'Yan Kwari kuwa suna da Alwyn Sugden, shi ma yana dafa wani abu yana kiransa giya. Na taɓa miƙa wa karena, ya sunsuna, ya dube ni, ya koma gefe ya kwanta.

Tun zamanin kakanni, duk shekara ranar bikin girbi kowace mashaya takan kawo ganga ɗaya tantin da ke bakin rafi. Alƙalai uku ne, namu, nasu, da baƙo. Rabaran, limamin coci, yakan shiga bayan labule ya tsiyayo tambulan biyu, ba wanda ya san wanne ne na wa. Wanda aka kayar zai kife tukunyarsa, mashayarsa ta riƙa sayar da giyar wanda ya ci har bikin baɗi. Ku auna wannan: shekara guda cur mutum yana shan giyar Sugden.

Mun daɗe ba mu ga wannan baƙar rana ba, albarkacin Baba Seth, alƙalinmu, wanda ko a mafarki ya san giyar Beryl. To a wannan shekara, ana saura 'yan kwanaki biki, mura ta kama tsohon nan ta toshe masa hanci kamar an cusa auduga. Ga shi doka ta ce alƙali kada ya zama dangin mai dafa giya. Muka zauna da yamma a Gurgun Doki muna duba junanmu. Ni ɗan gwaggonta ne, wancan surukinta, wannan mijin ƙanwar marigayi mijinta. Duk Tudu, in ka cire Baba Seth, babu wanda Beryl ba ta haɗa jini ko aure da shi ba.

Sai wata murya ta taso daga kusa da murhu.

"Kuna ta wahalar da kanku, ga ni zaune."

Hedley ke nan. Ya gama sayar da darduma a birnin Leeds ya zo ƙauyenmu ya sayi gida, da gashin bakinsa mai lanƙwasa da tumbinsa. Ya taɓa zuwa Faransa yawon mako guda a motar haya, ya leƙa inda ake ɗanɗana giyar inabi, tun daga ranar kuwa ba mu huta ba.

Beryl ta ajiye tsumman da take goge tambulan ta ce, "Kai, Hedley?"

"Ni fa, uwar ɗaki. Wannan harshen da kike gani, wani Bafaranshe da ya ga yadda yake aiki sai da ya cire hularsa."

Baba Seth ya face hanci ya ce, "Zafi ake yi ranar."

"Ku yi ta dariya. Ku dai shan giya kuka iya, ni kuwa karanta ta nake yi."

Ba don mun so ba muka yarda. Ba mu da wani.

Washegari Hedley ya shiga abin da ya kira horon harshe. Ya bar albasa, ya bar lofe, ya bar yaji, sai busasshen burodi da ruwa. Ya naɗe hancinsa da mayafin ulu wai kada warin ƙauye ya lalata masa shi. Da ya zo wuce garken tumakina sai ya daina numfashi gaba ɗaya, ya yi ta sauri, fuska ta yi ja, bai ga ramin da ke bakin hanya ba sai da ya ji kansa a ciki. Na ciro shi duk taɓo.

Na ce, "Ranka ya daɗe alƙali, ƙasar ma ɗanɗana ta kake yi?"

Ya ce, "Enoch, ba za ka gane ba. Hancin na lafiya?"

"Shi kaɗai ne ya tsira."

Da yamma Baba Seth ya ce a gwada shi. Ya zagaya bayan kanta, ya ɗauki farantin nan da ke ƙarƙashin famfo, wanda ragowar giyar yini take ɗiga a ciki tare da ƙudaje, ya tace a tambulan ya kawo masa. Hedley ya ɗaga shi wajen taga, ya juya, ya juya, ya tsoma hanci har gashin baki ya jiƙe, ya kurɓa ya yi ta kurkure baki kamar mai ciwon haƙori. Sannan ya lumshe ido.

"Wannan ita ce uwa. Ina jin sanyin safiya a ciki. Ina jin ciyawar da aka yanka. Beryl, wannan dahuwar ta fi ta bara."

Ba wanda ya iya dariya, don kowa a zuciyarsa ya hango Sugden yana tsallako rafi da gangunansa. Da aka gaya masa abin da ya sha, ko gezau bai yi ba.

"Ai na sani. Gwada ku nake yi in ga wa zai fara tona kansa."

Bai tsaya nan ba. Kwana biyu kafin biki ya shigo da wani ɗan bokitin azurfa yana sheƙi, ya dire shi a kan kanta.

Beryl ta ce, "Fure za ka shuka?"

"Na tofarwa ne. Alƙali na gaske ba ya haɗiya. Ya kurɓa, ya juya, ya tofar. Haka manya suke yi."

"Manyan ina? Kai tsohon banza, ɗacin giyata a maƙogwaro yake. In ba ka haɗiye ba ina za ka gamu da shi? Ka tofar mini da giya a gaban jama'a, in tofar da kai ta taga."

"Haba uwar ɗaki, ki bar wa masu sani."

Ya ɗauki bokitinsa ya fita yana fito. Beryl ta bi shi da kallo, ta ce da ni, "Enoch, gabana faɗuwa yake yi." Na ce nawa ya riga ya kai ƙasa.

Su gangunan kuwa tun farkon mako aka kai su tanti, aka kwantar da su a kan katako, aka buga musu famfo da ɗan turken saman nan da iska ke fita, aka lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu. Daga nan ba mai sake taɓawa, har masu su. Giyar ganga rayayya ce, sai ta yi kwanaki a kwance lakarta ta sauka ƙasa kafin ta washe. Ko gadi ba a sa wa tantin, don a Skelby duka biyun ko ɓarawo ya san ba a motsa gangar da take kwance. Ba mu lissafa da mutumin Leeds ba, wanda tun da yake bai taɓa ganin giya ba sai a tambulan.

Abin da ya faru da safiyar biki daga bakinsa muka ji daga baya, yana ba da labarin kamar wanda ya ci yaƙi. Wai ya tuna yadda Faransawa suke juya giya a kofi don ƙamshinta ya farka. Sai ya ce a ransa, in ɗan kofi ana juya shi ya farka, ina ga ganga guda? Ya saci jiki ya shiga tanti lokacin da kowa ya tafi kallon shanu. Ya ɗaga buhu ya ga hoton doki, ya san tamu ce. Ya rungume ta ya shiga jijjigawa, gaba, baya, hagu, dama, yana ce mata, "Tashi, 'yar gari, yau ranarki ce."

Ta kuwa tashi. Turken sama ya yi tsalle ya bugi rufin tanti, kumfa ta feso ta wanke masa fuska. Ya toshe ramin da babban yatsa, yatsa ya maƙale. Ya ja, ganga ta biyo shi, ta zamo daga katako ta danne masa ƙafa. Da ƙyar ya zare yatsan, ya mirgina ta ya mayar, ya laluba ya samo turken ya buga shi da takalmi, ya ja buhu ya rufe.

Ni na gamu da shi yana fitowa ta bayan tanti, yana ɗingishi, riga sharkaf, kumfa a gira.

"Hedley, ruwa ka faɗa?"

Ya kashe mini ido ɗaya. "Enoch, je ka sayi sabuwar hula. Yau za ka jefa tsohuwar sama don murna."

Da la'asar tanti ya cika maƙil, 'yan Tudu a dama, 'yan Kwari a hagu. Alƙalai suka zauna a dogon tebur. Na Kwari wani mahauci ne mai wuya kamar na sa. Baƙuwar kuwa Dokta Odell ce, likitar dabbobi daga gari, mace marar son wasa. Namu ya sake riga, ya ɗaura jan ƙyalle a wuya, ya dire bokitinsa kusa da ƙafa. Rabaran ya tunatar da jama'a cewa ba mai magana da alƙali sai an gama, wanda ya yi, ƙauyensu ya faɗi. Sannan ya shiga bayan labule.

Da ya fito da tiren sai tanti ya ɗauki guna-guni. Tambulan na farko garau, kana hango fuskar mutum ta cikinsa. Na biyu kuwa kamar an ɗebo daga kududdufin da shanu suka gama sha.

Mu 'yan Tudu muka fara zungurar juna. Baba Seth ya raɗa mini, "An gama. Ko jaki aka sa alƙalanci yau mun ci." Na dubi Sugden, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Shi kansa bai yi shakkar cewa tasa ce ba, ya san halin kayansa.

Mahauci ya fara. Ya dubi mai lakar, ya dubi Sugden, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda zai ɗauki gawar ɗan'uwa. Ya rufe ido ya shanye, ya buga tebur ya ce, "Ta biyu. Ni ba na gudun nawa." 'Yan Kwari suka tafa masa a sanyaye.

Dokta Odell ta kurɓi wannan ta haɗiye, ta kurɓi wancan ta haɗiye. Ta ce, "Abin mamaki, ta biyun ta fi jiki, ɗacinta ya fi zama. Amma ba zan ba giyar da ba na iya ganin yatsana ta cikinta ba. Ta farko."

Ɗaya da ɗaya. Saura Hedley.

Ya miƙe tsaye, abin da ba alƙalin da ya taɓa yi. Ya ɗaga garau ɗin sama ya juya shi har ya fantsala wa Rabaran a tabarau. Ya kurɓa, ya kurkure, ya sunkuya ya tofar. Bokitin ya yi ƙara, wata tsohuwa a gaba ta ce, "Tir!"

Hedley ya ce, "Jama'a, kun ji giya mai rai. Wannan idonta biyu. Wannan ta san inda take."

Muka yi ta tafi, Allah ya yafe mana. Sai ya ɗauki mai lakar da yatsa biyu kamar ya ɗauki mataccen ɓera.

"Wannan kuwa, ban san laifin da sha'ir ya yi aka yi masa haka ba. Wadda ta dafa, ko wanda ya dafa, da wankin safa ya fi dacewa."

Beryl tana layin gaba, dariya har da riƙe ciki. Hedley ya kurɓa, ya kumbura kumatu, ya juyo don jama'a su ga yadda ake yi. Ƙafar da ganga ta danne ta ƙi ɗaukarsa, ya yi tangaɗi, ya shure bokitin, abin da ke bakinsa ya tafi gaba ɗaya ya sauka a gaban rigar Beryl.

'Yan Kwari suka kwashe da dariya. Beryl ta ɗaga rigar za ta goge, sai na ga ta tsaya. Ta kai hanci. Ta sake kaiwa. Ta lashi yatsa. Fuskarta ta yi fari fat. Uwa ba ta ɓata ɗanta ko ya yi birgima a taɓo, ita ma haka ta gane giyarta.

Ta damƙi hannuna har sai da na ji ƙashi. Ta raɗa, "Enoch, tawa ce."

Magana da alƙali ba dama. Ta shiga tari. Ta ɗaga gira. Ta nuna tambulan mai laka da haɓa, ta dafa ƙirjinta, ta sake nunawa, ta sake dafawa. Ta shafa maƙogwaro tana nuna masa ya haɗiye. Hedley ya dube ta, ya ga mace tana dafa ƙirji tana kashe masa ido. Sai ya murza gashin baki, ya ɗan rusuna mata.

"Na gani, uwar ɗaki, na gani. A bari a gama aiki tukuna."

Ni ma na shiga tari, Baba Seth ya shiga, kafin ka ce me duk ɓangaren Tudu tari ake yi kamar an ƙona barkono. Rabaran ya ce in ba mu yi shiru ba zai sa a fitar da mu. Hedley ya ɗaga hannu.

"Ta farko! Kuma kafin a ɗaga labule, bari in gaya muku sirrin, don na baya su koya. Kun ga yadda take ƙyalli? Aikina ne. Da safen nan na shigo na tarar da gangar Beryl tana ta sharar barci, na kama ta na jijjige ta sosai, sai da ta yi kumfa. Da na bar ta a kwance, da haka za ta fito kamar wannan ruwan kwatar."

Sugden ya ɗago kai a hankali, kamar wanda aka ce masa gawar da yake kuka a kai ba tasa ba ce. Rabaran ya goge tabarau, ya ja labule, ya ce da ƙaramar murya, "Ta farko, ta Alwyn Sugden ce."

Ɓangaren Kwari ya fashe. Huluna suka tashi sama. Mahauci ya rasa inda zai sa kansa, don shi kaɗai ne a tantin ya zaɓi giyarmu, matarsa kuwa tana ta dukansa da jaka. Sugden ya tsallake benci ya rungume Hedley ya sumbace shi a goshi.

"Ɗan'uwa, duk ranar da ka zo Kwari, kujerar gaban murhu taka ce!"

Hedley ya yi tsuru-tsuru, yana duban tambulan, yana duban ganga. "A'a, an dai yi musanya. Rabaran, ka duba da kyau. Ai ita na tayar."

Beryl ta tako a hankali har gabansa. Na ɗauka mari za ta kai masa, na ma matsa don in gani da kyau. Ba ta ɗaga hannu ba.

"Ka tashe ta ko?"

"Uwar ɗaki, niyyata…"

"To tunda kai ka tashe ta, kai za ka yi renonta. Jama'a ku shaida. Wannan ganga ta Hedley ce, shi kaɗai. Ba zai sa ƙafa a Gurgun Doki ba sai ya shanye ta tas, da lakarta da komai. Kuma haɗiya zai yi."

Aka ɗora gangar a amalanke, aka ɗora shi a kai, yara suna binsa suna buga bokitin azurfa har gida. Mun ji sanyi a ranmu ƙwarai, muka ce ko ba komai ya gamu da daidai shi.

Washegari Sugden ya tsallako rafi da gangunansa, Beryl ta kife tukunya tana hawaye. Muka zauna a Gurgun Doki kowa da tambulan a gaba, ana kurɓa ana yamutsa fuska. Abin da fushi ya mantar da mu duka, har da Beryl, shi ne giyar da aka dama in ta sami wuri ta huta, sake kwanciya take yi.

Kwana biyu bayan haka na bi ta bayan gidan Hedley, don kawai in ga yadda yake shan azabarsa. Na same shi a rumfa cikin inuwa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, riƙe da tambulan garau, rana tana ratsa shi ja wur. Giyar Beryl ta ƙarshe a duk faɗin duniya, ga ta a hannun wannan mutum. Baba Seth, da murarsa ta saki, yana zaune a kan bokiti a gefe yana gyaɗa kai kamar ɗan makaranta. Bayansa surukin Beryl ne da wasu mutum uku, kowa da kofinsa a ɓoye cikin riga.

Na koma mashaya da gudu na ce Beryl ta janye maganarta. Ta ce ita ba ta rantsuwa a gaban ƙauye biyu ta lashe, in tashi in ba ta wuri. Na tsaya a bakin ƙofa na yi ta zagin Hedley a zuci, da Leeds, da wanda ya sayar masa da gida. Sannan na ɗauki kofina na tafi.

Ya sa na jira sai da ya gama yi wa Baba Seth bayanin yadda ake gane giya. Sannan ya tsiyaya mini rabi, ya ɗaga shi wajen haske.

"Enoch, dubi nan. Ka taɓa ganin ta washe haka a hannun Beryl? Da ban tashe ta ba, ina za ta koyi kwanciya mai kyau? Faɗi gaskiya."

Na kurɓa. Zaƙin ya gaishe ni, na haɗiye, ɗacin ya taso ya zauna inda ya saba zama, har idona ya kawo ruwa. Na dubi gangar, na ga da sauran kusan rabi a ciki.

Na ce, "Gaskiyarka, alƙali."